Ƙishirwar Mai Agogo

A gidanmu ko ɓarawo ya shigo ya ce ƙishirwa yake ji, Inna sai ta ba shi ruwa kafin ta yi ihu. Amma a wannan gidan ne muka yi wata biyar muna auna wa yayana ruwan sha kamar maganin tari. Na ce "muka" don har da ni, kada in gama labarin nan wani ya ɗauka ni ce ta Allah a cikinmu.

Yaya mai gyaran agogo ne, duk layin da shagonsa yake da Mai Agogo aka san shi. Tun da mota ta buge shi, daga ƙugunsa zuwa ƙasa ya daina jin magana. Fitsari da bayan gida ba sa yi masa sallama, sai dai ya ga danshi ko ya ji wari. An sa masa robar fitsari a asibiti, ta yi ta jawo masa zazzaɓi, likita ya cire ya ce a koma ƙunzugun manya, a riƙa canzawa da zarar ya jiƙe. Hannuwansa kuwa lafiya ƙalau, idonsa ma haka. Wata takwas yana zaune a ɗaki yana kwance agogon bangon Inna yana mayarwa, alhali ba abin da ya sami agogon, har ranar da ya ce shi fa shago zai koma.

Mu uku muka raka shi. Auta, ƙaninmu mai tuƙa tasi, shi ya ɗora shi a mota ya naɗe keken guragu ya sa a baya. Anti, matar Yaya, ta riƙe jakar ƙunzugu da sabulu. Ni kuma lokacin ana hutun makarantar da nake koyarwa, sai na bi su don in ga farin cikin yayana.

Shagon yana ƙasan wani gini mai hawa biyu. Faɗinsa bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba, gabansa duk gilashi ne, rabinsa kuma wani mai sayar da wayoyi ne ke zaune. Yaya ya tura kekensa gaban teburinsa, ya kunna fitila, ya jera hantsaki da ƙananan sukundirebobi, ya maƙala gilashin nan na ido ɗaya. Wallahi sai na ga shekara goma ta zube daga fuskarsa. Maƙwabta suka yi ta shigowa yi masa barka. Mai shayin bakin ƙofa ya kawo kofi ɗaya, ya sake kawo wani ya ce kyauta ce. Yaya ya shanye, ya bi da ruwan sanyi, yana ta zuba surutu.

Kafin azahar ya kalli Anti, ya sunkuyar da kai. Ta gane.

A shago ba wurin kwantar da mutum, ko da akwai ma duk mai wucewa zai gani ta gilashi. Muka tura shi bayan gini inda banɗaki yake. Matakala uku ce kafin ƙofa, ƙofar kuma ko mai ƙiba sai ya karkace. Keke ya ƙi shiga. Mai waya ya taimaka muka ciccibe shi, ya kawo kwalin da ya yage muka shimfiɗa a ƙasa, kwalin ya tsotse ruwan ƙasan nan take. Muka kwantar da Yaya, kansa kusa da masai, ƙafafunsa a waje, don haka ƙofa ba ta rufuwa. Na cire mayafina na ware shi da hannu biyu na zama labule. Anti ta durƙusa a cikin ruwan da ba mu san na mene ne ba, tana juya mijinta tana goge shi.

Mutane suka fara taruwa a bayana. Mai gadi ya ce, "Baiwar Allah, a ɗan hanzarta, jama'a na jira." Wani dattijo da ya shekara ashirin yana kawo wa Yaya agogo ya leƙo ta gefen mayafina ya ce, "A'a, Mai Agogo, kai ne a ƙasa? Sannu, sannu."

Yaya ya jawo hularsa ya rufe fuska, a haka muka gama.

Da muke komawa na lura da wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin bene, yana da ƙofa, ba komai ciki sai karyayyun kujeru da ƙura. Ranar nan na sami mai ginin a ofishinsa na sama, na roƙe shi ya bar mu mu share ɗakin mu sa benci, mu riƙa amfani da shi na minti goma a rana. Ya saurare ni yana karkaɗa makullan motarsa.

Ya ce, "Malama, Allah ya sani ina tausayin Mai Agogo. Amma nan wurin kasuwanci ne, ba asibiti ba. In na buɗe masa, gobe wani zai zo da tsohuwarsa. Ga wari, ga masu haya. Ku yi haƙuri."

Na ce, "Benci ɗaya ne fa da ƙofa, ranka ya daɗe."

Ya ce zai duba. Har yau yana dubawa.

Kwana uku Yaya bai sake maganar shago ba. Ya zauna da littafi da fensir, agogo a cinyarsa, ya sha ruwa ya rubuta lokaci, ya jiƙe ya rubuta lokaci. A rana ta huɗu ya kira mu duka, yana murmushi irin na wanda ya gano ciwon agogon da ya gagari kowa.

Ya ce, "Jikin nan ma inji ne. Abin da ka zuba masa shi yake fitarwa, kuma da lokacinsa. In na sha na ƙarshe da asuba aka canza ni kafin mu fita, ban ƙara sa komai a baki ba, zan kai ƙarfe huɗu a bushe. In na dawo gida sai in rama."

Na ce, "Yaya, awa goma fa ke nan."

Ya ce, "Malama, ke dai ki koyar da ƙidaya, ki bar mini aiki da ita."

Muka yi dariya. Inna ta ce ai Babba tun yana ƙarami kansa yake ja. Babba take ce masa, don ɗan fari ne.

Dabarar ta yi aiki, abin haushin ke nan. Auta ya sauke shi da safe, ya ɗauko shi da yamma, ba mai raka shi, ba kwali, ba labule. Yana shigowa gida sai ya kafa kai a jug ya shanye, ya ce a ƙaro, sannan ya fara ba mu labarin wanda ya kawo agogon kakansa da wanda ya zo ciniki ba ko sisi. Sati biyu gidanmu ya yi daɗi.

Sai dai ruwan da ya rama da yamma dole ya fita, kuma a kan gado yake fita. Anti ce ke ɗaga shi, ita da ba ta kai rabin nauyinsa ba. Ni kuma wankin zanin gado ne rabona kafin in tafi makaranta. Wata safiya muna shanya, Anti ta dafe ƙugu ta ce, "Ni fa na lura, jug biyun nan na yamma su ke kashe mu. Da zai tsaya a ɗaya."

Da na ce a'a a ranar, da ban zauna ina rubuta wannan ba. Na kalli zanin gado uku a kan igiya na ce, "Gaskiya kam."

Jug biyu ya koma ɗaya. Ɗaya ya koma kofi biyu. Ba wanda ya zauna ya yanke hukunci, haka kawai abin ya riƙa tsukewa kamar takalmin yaro. Aka ɗauke jug daga kan teburin ɗakinsa aka ce ƙuda na faɗawa, aka ɗora shi a kan firij, inda mai zaune a keke sai dai ya kalla. Famfon tsakar gida kuwa dama akwai dakali a gabansa, keke ba ya hawa.

Ranar wata Asabar, rana ta take, ina ɗaki ina duba littattafan ɗalibai, na ji ya kira Anti ya ce ta taimaka masa da ruwa.

Ta ce, "Maigida, ai ka sha na rana."

Ya ce, "Yau ba shago."

Ta ce, "Bayana bai san Asabar ba. Sau biyu na ɗaga ka tun safe."

Auta na zaune yana goge takalmi, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Yaya, kai fa ka tsara abin nan da hannunka. Jiki in ya saba da tsari ba a rikita shi."

Inna ta leƙo daga ɗakinta ta ce, "Babba, yi haƙuri. Yarinyar nan ita ma 'yar mutane ce. Yamma ta kusa."

Ƙarfe ɗaya da rabi ne a lokacin. Yaya ya ce to, ya juya kekensa ya koma ciki. Ni kuma na ci gaba da ba yara maki, na yi kamar kunnena ya toshe.

Kowa a gidan yana da hujjarsa, kuma ba wadda za ka ce ƙarya ce tsagwaronta. Bayan Anti yana ciwo da gaske, na sha ganin ta tana tafiya tana dafa bango. Auta da motar yake ci, fasinja kuma ba ya zama a kujera mai zarni. Inna ta tsufa, abin da take tsoro a duniya shi ne Anti ta gaji ta tattara kayanta. Ni ina da aji mai yara sittin da shugabar makaranta mai tsayawa a bakin ƙofa tana kama masu makara. Duk muka tattara gajiyarmu muka ɗora wa mutum ɗaya, shi ne kuma wanda ba ya iya miƙewa ya ɗebo da kansa.

A wata na biyu aka yi zafi mai tsanani. Wata rana a shago Yaya ya kasa daurewa, ya karɓi ruwan sanyi wurin mai shayi ya shanye roba guda. A hanyar dawowa ƙunzugun ya cika ya zubo, ya jiƙa kujerar gaba. Auta ya shigo gida yana huci, ya cire rigar kujerar ya jefar a tsakar gida.

Ya ce, "Yaya, da girmanka nake magana, amma gaskiya ɗaya ce. Ko dai ka kiyaye, ko ka zauna a gida. Ba zan iya biyu ba."

Yaya ya ce, "Kuskure ne, Auta. Ba zan ƙara ba." Mutumin da ya goya Auta, ya koya masa ɗaura igiyar takalmi, shi ke ba shi haƙuri kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa.

Washegari Anti ta bi su shagon. Sai daga baya na ji abin da ta je yi. Ta sami mai shayi da mai waya da mai gadi, ta ce musu likita ya hana Maigida shan ruwa da rana, duk mai ƙaunarsa kada ya ba shi ko ya roƙa. Mutanen kirki ne, suka riƙe amana. Daga ranar, in Yaya ya ce wa mai shayi, "Ɗan miƙo mini ko kurɓi ɗaya," sai ya ce, "Haba Mai Agogo, so kake in kashe ka? Lafiyarka ta fi mana." Shi kuma ba zai iya cewa matarsa ƙarya ta yi ba, don ya san ranar da ya faɗa, ranar shago ya ƙare.

Na tari Anti da maganar a kicin. Ta ajiye wuƙa ta ce, "To ke ki gaya mini inda zan canza shi. Kin manta kwalin? Kin manta tsohon da ya leƙo? Ni na durƙusa a ruwan nan, ba ke ba. Nemo mini wuri, yau in kai masa tulu guda."

Na ce zan nemo. Ranar Juma'a da aka tashi makaranta da wuri na bi layin shagon ƙafa da ƙafa. Gidan mai na kusa, banɗakinsu a kulle, makullin yana wurin wani da ya fita. Gidan abinci suna da mai tsabta, har da wani ɗan tebur a jikin bango na canza wa jarirai, ma'aikaciyar ta nuna mini shi da fara'a, na ce mata jaririn namu shekararsa arba'in da shida. Babban kantin da ke kan kwana yana da ƙofa mai hoton keken guragu, na ji daɗi na tura, na tarar da bokitai da tsintsiyoyi, kuma ko an kwashe su ba inda mutum zai kwanta sai ƙasa. Wani ƙaramin asibiti a ƙarshen layi suka ce gado na marasa lafiya ne, in an kwantar da shi sai su ba shi. Na dawo gida ƙafata ta yi futu-futu, ban samo wurin ba.

Yaya ya fara bushewa a gaban idonmu. Leɓɓansa suka tsage, yana magana harshensa na mannewa. Ya rage cin abinci da kansa don tsoron ɗaya matsalar, sai ya yi kwana huɗu bai yi bayan gida ba. Ciwon kai ya zama abokin zamansa. Fitsarin ya koma ja kamar shayin da ba madara, warinsa ya ƙaru har yana riga shi shiga ɗaki. Da warin ya ƙaru, me kuke zato muka yi? Inna ta ce ruwa ne ya yi masa yawa yake ruɓewa a ciki, aka mayar da kofin yamma rabi.

Labaran yamma suka ƙare. In ya dawo sai ya zauna yana kallon saman firij har a ba shi rabonsa, ya riƙe kofin da hannu biyu, ya riƙa tsotsa kaɗan-kaɗan don ya daɗe.

Wata rana na dawo daga makaranta da wuri, gidan shiru, Inna na barci, Anti ta fita cefane. Ranar Yaya bai je shago ba don motar Auta na gareji. Na same shi a tsakar gida ƙarƙashin igiyar shanya. Ya jawo gefen tawul ɗin da aka wanke, ya cusa a baki yana tsotsa. Tawul ɗin da ake goge masa jiki ne.

Da ya gan ni ya saki, ya ce, "Faɗuwa zai yi, na gyara shi."

Na shiga na sauko da jug na cika kofi na miƙa masa. Hannunsa ya taho, ya tsaya a hanya.

Ya ce, "Gobe akwai wanda zai zo karɓar agogonsa. In aka tashi aka ga gado a jiƙe, za a ce na karya doka."

Na ce, "Ni zan wanke."

Ya ce, "Ke za ki ɗaga ni? Ke za ki tuƙa ni?" Ya yi ɗan murmushi da tsagaggen leɓe. "Bar shi, Malama. A ɗakin nan ni kaya ne. A can kuwa mutane layi suke yi su tambaye ni. Na fi son ƙishirwa."

Na mayar da ruwan cikin jug. Na shiga ɗakina na yi kuka, kukan da bai jiƙa maƙogwaron kowa ba.

Shagon da yake saye da ƙishirwar ma ya fara kuɓuce masa. Mai waya ya gaya mini hannun Yaya ya soma rawa. Sai ya ɗauki sukurun da bai kai ƙwayar gero ba da hantsaki, ya suɓuce, ya yi rabin awa yana nema a kan teburi. Aikin yini ɗaya ya koma na sati. Ya ɓata agogon wata mata, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaron shago. Wani lokaci sai ya sayi ruwan sanyi a hannun masu talla, mai waya ya zabura zai ƙwace, sai ya ga ba sha zai yi ba, a goshi yake ɗorawa har ya huce, sannan ya bayar.

Ranar wata Talata ina cikin aji aka kira ni. Mai waya ne. Ya ce tun ƙarfe sha ɗaya Mai Agogo ya kifa kai a kan teburi, sun ɗauka barci ne, da suka taɓa shi jikinsa kamar garwashi, yana ta sambatu. Ya ce, "Mun so mu ba shi ruwa, sai muka tuna likita ya hana."

Kwana tara ya yi a asibiti ana ƙara masa ruwa ta jijiya, leda bayan leda. Likitar wata mace ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. A rana ta biyu ta tara mu a bakin gadon ta ce ciwon mafitsara ne ya hau har ƙoda, ƙodar kuma ta taɓu, ɗaya ba lallai ta dawo daidai ba. Sannan ta tambaya, "Kofi nawa yake sha a rana?"



Auta ya ce, "Shi dai ba mai son ruwa ba ne sosai."

Anti ta ce, "Shi ya tsara wa kansa, likita. Akwai ma littafin."

Inna ta ce, "Duk abin da ya samu bawa rubutacce ne."

Ni na kalli takalmina. Likitar ta juya wurin Yaya, ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Laifina ne. Ba sa hana ni."

Ta daɗe tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, irin kallon da nake yi wa yara in an fasa taga kowa ya ce ba shi ba ne. Ta ce daga yau lita biyu kullum, ba ragi, kuma a canza shi duk lokacin da ya jiƙe, ko a ina yake. Na ce mata a inda yake aiki ba wurin canzawa. Ta cire gilashinta ta murza ido ta ce ta sani, ko a nan sashen masu zuwa su koma, a ƙasan banɗaki ake kwantar da su. Ta ce ita dai ƙoda ta sani.

Ranar da aka sallame shi muka taho a mota har muka kusa gida. Auta ya gyara murya ya ce, "To, maganar shago dai sai haƙuri ke nan." Yaya yana kallon waje ta taga, bai juyo ba.

Da muka shiga na cika jug har baki na ajiye a teburin ɗakinsa. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "In na sha, wa zai kai ni ranar Litinin?" Inna ta fita. Auta ya duba wayarsa. Anti ta kama ninke zanin da yake a ninke. Yaya ya ɗauki jug ɗin da hannu biyu ya sha, ya sha, ruwa na bin gemunsa, har ya ga ƙasansa. Ya ajiye, ya laluba aljihu ya ciro makullin shago ya miƙa wa Auta ya ce a kwaso masa kayan aikinsa, a mayar wa mutane agogunansu, a ba su haƙuri. Inna daga tsakar gida ta ce alhamdulillahi, hankali ya kwanta.

Na so a ce nan labarin ya ƙare, ya rasa shago ya sami ruwa. Sati uku aka yi ana cika jug. Lita biyu kuwa canji shida ne a yini, wani lokaci bakwai, kuma bayan Anti bai warke don likita ta yi magana ba. Auta ya ce shi yanzu ya sauke nasa nauyin, fita yake tun safe. Hutun da na ɗauka don jinya ya ƙare na koma aji. A sati na huɗu na ga jug ya koma rabi. A na biyar na gan shi a kan firij.

Yau da safe na shirya zan fita, na leƙa in gaishe shi. Yana zaune a keke yana fuskantar bango, akwatin kayan aikinsa a ƙarƙashin gado ko buɗe shi bai yi ba tun da aka kawo. Leɓen ya fara tsagewa kuma. Yanzu ba ya roƙo, don ba sauran abin da zai yi ciniki da shi. Na fita na sami Anti a bakin famfo, na ce mata wannan abin da muke yi zalunci ne, da sunansa na kira shi.

Ba ta yi musu ba. Ta ɗago hannuwanta daga cikin kumfa ta nuna mini, duk sun tsattsage, ta ce, "Ga jug can, ba a kulle yake ba. Cika masa. Amma ki ajiye jakar nan ki zauna, in ya jiƙe ƙarfe goma ki ɗaga shi, ki sake ɗaga shi sha biyu."

Na tsaya da jaka a kafaɗa. Na tuna shugabar makaranta a bakin ƙofa. Na sauko da jug, na ɗauki kofi, na fara zubawa, da ruwan ya kai rabi hannuna ya tsaya da kansa, ba wanda ya riƙe shi.

Na kai masa. Ya leƙa cikin kofin, ya ɗago ya kalle ni, ya ga jakar a kafaɗata. Ya karɓa da hannu biyu.

Ya ce, "Na gode, ƙanwata. Yi sauri kada ki makara."